Yaye Biyu a Legas

Ranar da na fara zuwa shagon koyon gyaran waya, Oga bai dubi fuskata ba, goyon da ke bayana ya duba. Ƙanin maigidana ne ya raka ni, shi ya san shi, kuma tun daga Agege yake ta bita mini yadda zan gaishe shi da abin da zan ce idan ya tambayi zurfin karatuna. Bai tambaya ba. Bayarabe ne, amma a Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Agege fita. Ya ajiye wayar da ke hannunsa ya ce, "Hajiya, koyo ba wuya. Wa zai riƙe miki yarinyar?"

Na ce ba ta da rigima, in ta sha nono sai barci. Ya ce, "To, Allah ya sa." Watanta 10 a lokacin. 'Yar fari ce, don haka a yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba, yarinyar kawai zan riƙa cewa kamar yadda nake faɗa a gida.

A watan Satumba na 2022 ne. Wata uku kafin nan, ranar 1 ga Yuni, gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja, inda maigidan yake samo mana abin sawa a baki. Ya sayar da babur ɗin a wulaƙance, ya kama gadin dare a wani kamfani. Albashin gadi kuwa kowa ya san shi. Kuɗin babur muka kasa uku: na haya, na bashi, ragowar muka ce a zuba a sana'ar da za ta tsaya da ƙafarta.

Duk wanda ya ji sai ya ce ɗinki, ko kitso, ko lalle. A layinmu kaɗai masu keken ɗinki sun kai shida. Ni kuma tun ina sakandare a Funtuwa hannuna ba ya ganin abu bai kwance shi ba, rediyon babanmu ya sha wahala a wurina. Sannan na lura da wani abu a gidan hayarmu. Duk matar da wayarta ta fara ciwo sai ta kawo mini in goge mata hotuna kafin a kai wa mai gyara. In wayar ta riga ta mutu kuwa, gara ta jefa ta ƙasan akwati da ta kwana a hannun wani namiji da hotunanta babu lulluɓi. Na ce in da mace mai gyaran waya a Zangon Agege, ba za ta kwana da yunwa ba. Maigidan ya yi kwana biyu yana juya maganar, saboda zaman cikin maza, sannan ya ce in je.

Shagon yana cikin babbar kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, wadda ake kira Computer Village, a hawa na biyu na wani bene da ke bayan titin Otigba. Aka rubuta yarjejeniya: wata 18, naira 80,000 a biya sau biyu, da wanda zai tsaya mini ya sa hannu ya manna hotonsa, da kiret ɗin lemo na yaran shago. Litinin zuwa Asabar, 8 na safe zuwa 7 na yamma. Albashi babu, sai dai in kasuwa ta yi daɗi Oga ya miƙo na abinci. In an gama sai a yi bikin da Yarbawa da Ibo ke ce wa firidom, mu kuma mu ce yaye. Na lissafa kuɗin koyo, na lissafa kuɗin danfo daga Pen Cinema zuwa Ikeja da dawowa, na lissafa na abincin rana. Ban sa ko kwabo na raino a lissafin ba, don a inda na tashi ban taɓa jin an biya kuɗi a riƙe wa mutum ɗa ba.

Makonnin farko goyo bai hana ni komai ba, domin aikin sabon shiga shara ne da aike. Je ki sayo sikirin, je ki mayar da wannan batir, je ki kira mai janareto. Ina kutsawa cikin cunkoso da ita a baya, masu talla suna ja mata ƙafa tana dariya. Sai da aka ce in zauna a teburi sannan na gane abin da Oga ya hango.

Teburin mai gyaran waya ba wurin yaro ba ne. Ga ƙarfen narka dalma a jone tun safe. Ga injin hura iska mai zafi, wanda muke ce wa bulowa, ana sa shi wajen maki 350 na zafi, wato in ya taɓa fata ba sai an tambaya ba. Ga sifirit a buɗe, ga reza, ga hantsaki mai tsini, ga kumburarrun batura a kwali a ƙasa. Ran nan ina koyon cire bakin caji, na riƙe bulowa da hagu, hantsaki da dama, dalmar ta fara sheƙi ke nan, sai yarinyar ta farka ta damƙi hijabina ta ja. Hannuna ya goce, zafin ya lashe robar da ke gefe, makirfon ɗin wayar mutane ya tafi. Oga ya biya daga aljihunsa bai ce mini uffan ba.

Kwana uku bayan haka na sauke ta na zaunar a kan kwali kusa da ƙafata. Oga yana haɗa wata waya, sai na ji ya ce, "Sukuru 12 na cire, 11 nake gani." Yara suka duƙa suna laluben ƙasa da maganaɗisu. Ni kuwa na dubi yarinyar, na ga ta yi tsit, tana motsa baki kamar mai tsotsar alewa. Ban san lokacin da na sa yatsa a bakinta ba. Yana can maƙale a kumatunta, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta tsala ihu, ni ma jikina ya ɗauki rawa, na kasa tsayawa sai da na jingina da bango. Oga ya karɓi sukurun ya goge a rigarsa ya ɗaura shi a mazauninsa, sannan ya ce, "Hajiya, gobe kar ki zo da ita. Ba korar ki na yi ba."

Na ji haushinsa a hanya, kafin in sauka a Agege na san gaskiyarsa ce. A danfon nan ne na fara lissafa sana'o'in matan unguwarmu: ɗinki, kitso, lalle, suyar awara, dama fura, ƙullin kayan miya. Dukansu ana yin su da goyo, ko a ƙofar ɗaki inda ido ke kan yaro. Ana cewa mata ba sa son wayarin ɗin lantarki da gyaran firji da walda da kanikanci. Wasu ba sa so ɗin, gaskiya ne. Amma na san waɗanda kansu ya fi na maza da yawa ja, abin da ya tsayar da su shi ne ba a hawa tsani da jariri a baya, kuma shekarun da ake koyon sana'a su ne shekarun da ake haihuwa. Taura biyu ba ta taunuwa.

A gida ba a jin nauyin abin saboda hannuwa sun yi yawa. Ga kaka, ga gwaggo, ga matar wa, ga ƙannen miji, ko kishiya ce in ana zaman lafiya. Yaro yana yawo daga cinya zuwa cinya, uwarsa ta je unguwa ta dawo ba ta ce wa kowa na gode ba. A Legas ɗaki ɗaya gare mu a gida mai ɗaki 14 suna kallon juna, famfo ɗaya, bayi biyu. Hausawa muna da yawa a ciki, amma kowace mace da nata neman, mai tafiya Mile 12 sarin tumatir tun asuba, mai kai abinci mayankar Oko-Oba.

Ƙanin maigidan, da yake shi mai karance-karance ne, ya ce ai dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai jego hutun mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Ya ce ma'aikatan gwamnatin jihar Legas ma tun 2014 wata shida ake ba su a haihuwar farko da ta biyu. Na ce masa madalla, Allah ya ƙara musu. Wannan na mai ɗaukar albashi ne. Ni ce ke biyan kuɗi a bar ni in zauna a shagon, wa zan kai wa takardar neman hutu?

Sai gidan raino. Akwai su birjik a Agege, kusan kowace makarantar kuɗi tana da ɗakin jarirai. Wanda aljihunmu ya iya, naira 15,000 ne a wata, ni zan kawo kunzugun zamani da abinci da ruwa. Wato a wata shida kuɗin raino ya zarce kuɗin koyon sana'ar gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya ne da katifu a ƙasa, yara kusan 20, mata biyu. Ba mugaye ba ne, hannunsu ne bai isa ba. Ba mai jin Hausa a cikinsu, yarinyar kuma ba ta saba da kowa ba sai ni, ta yi mako biyu muryarta a dishe. Mura ba ta gama sakin ta sai gudawa ta kama, kuma ƙa'idarsu ce yaro mai zazzaɓi ba ya shiga, wanda ban ga laifinsu ba. Kowane zazzaɓi kwana biyu ko uku ne ba na shago. Ranar Asabar ba sa buɗewa, alhali ita ce ranar da kasuwarmu ta fi cika. Allurar rigakafi kawai na samar wa dabara, ina kai ta ranar Alhamis, tunda kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai 10 na safe saboda shara.

Amma abin da ya fi cin raina shi ne ƙarfe 5 da rabi. Lokacin suke rufewa, in ka wuce akwai tara. Daga Ikeja zuwa Agege tafiyar da ba ta kai komai ba ce in hanya a buɗe take, amma da yamma sai ka shafe awa ɗaya da rabi a go-sulo. Dole in bar shago ƙarfe 4.

Wanda bai yi zaman shago ba ba zai gane girman wannan asarar ba. A makaranta akwai manhaja, in ka rasa darasi ka ari littafi ka kwafa. A shago abin da ya shigo ranar shi ne darasin, kuma ba ya maimaituwa don kai. Da rana aikin gaggawa ake yi, canjin sikirin, canjin batir, bakin caji, mai waya yana tsaye a kanka yana duba agogo. Manyan ayyuka, wayar da ta faɗa ruwa, wadda ta mutu murus, wadda ke shan caji tana zafi, Oga jere su yake a aljihun teburi sai kasuwa ta lafa, wajen 5 zuwa 7. Lokacin yake jawo madubin ƙara girma, ya cire fanel, wato allon da ke ɗauke da ƙananan kayan cikin waya, yara su kewaye shi. Lokacin ne kuma bakinsa ke buɗewa, ya ce ku duba nan, ku ji yadda mita ke kuka, wannan layin ya haɗe da ƙasa. Ni kuwa a lokacin ina cikin danfo a Ikeja Along ina addu'ar a matsa.

Da safe sai in tarar wayar da na bari matacciya tana kan caji tana haske. In na tambayi yara yaya aka yi, sai su ce, "Anti, aisi ne aka canza," wato wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke manne a jikin fanel. Shi ke nan bayanin. Wani yaro da ya zo bayana da wata huɗu, ni na nuna masa yadda ake riƙe sukundireba, kafin shekara ta zagayo shi ake ba fanel, ni ina nan a kan sikirin da batir. Ba a taɓa ce mini ba ki iya ba. Kawai in aiki mai wuya ya zo, ido ya tsallake ni. Har na ji wani maƙwabcin shago yana ce wa Oga da turancin buroka wai ai mata ba su da kan aikin fanel. Na haɗiye, don ba ni da abin nunawa.

Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira. Masu raino suka ce tsaba suke so, masu POS kuma suna yankar mutane. Maigidan ya ce a cire ta, shi zai riƙe ta da rana tunda da dare yake aiki. Allah ya saka masa, domin ya sha magana. Abokansa a majalisa suna ce masa uwargida, wani ya tambaye shi ko a sayo masa zani. Ya koyi dama koko, ya koyi wanke kashi, goyo ne kawai ya ce ba da shi ba. Sai dai mutumin da ya kwana a tsaye yana gadi, jiki ba ƙarfe ba ne. Mako na uku barci ya sace shi, ta tura ƙofa ta fita, lokacin ta fara tafiya. Wata mai sayar da burodi ce ta tsince ta a bakin kwata a waje, takalmi ɗaya ya riga ya faɗa ciki. Da na dawo na tarar da shi zaune ya rungume ta, idonsa jajir. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Washegari muka mayar da ita gidan raino da bashi.

An ba ni shawarar da ake ba kowa: a aiko mini da yarinya daga ƙauye, 'yar shekara 10 ko 11, ta riƙe mini. Da yawa haka suke yi, kuma ba zan zage su ba, na san abin da ya kai su. Ni dai na kasa. In cire 'yar wani daga makaranta don ni in samu ilimi, sannan in bar yaro a hannun yaro a garin da babba ma ɓata yake. Wata ta ce ai girman kai ne ke damuna, na ce to.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin danfo ya ninka, masu raino suka ƙara nasu, garin kwaki ma ya ɗaga kai. Muka zauna da biro da takarda, ko ta ina aka juya lissafin ba ya fita. Na daina zuwa. Wata biyu ina gida, kayan aikina 'yan kaɗan suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Oga ya kira sau ɗaya ya ce, "Hajiya, kujerarki tana nan, amma kujera ba ta koyon aiki."

Surukata ce ta warware, ba tare da ta san tana warware komai ba. Ta kira daga Funtuwa ta ce, "Yarinyar nan watanta nawa? Ku kuna can Ikko kun manta da al'ada? A kawo mini ita in yaye ta." Dama tun haihuwa take cewa 'yar fari ta kaka ce. Da can ina kaucewa, wannan karon na ce, "To, Inna." A watan Agusta muka hau mota, muka kwana a hanya ta Lakwaja da Abuja da Kaduna da Zariya. Na yi kwana uku. Ranar da zan taho aka ɗauke ta aka shiga da ita gidan maƙwabta don kar ta ga fitata. A mota nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, rigata ta jiƙe, na lulluɓe da mayafi na kifa kai a kujerar gaba. Kunyar ɗan fari ta hana ni kuka a gaban Inna, sai da muka wuce Zariya na biya bashin.

Abin da zan faɗa yanzu ba ya yi mini daɗi, amma haka ya faru. Wata huɗu da na yi babu ita, na koyi abin da ban koya a wata tara ba. Ni ke buɗe shago, ni ke rufewa. A wata yammar na fara ganin yadda ake neman inda fanel ya haɗe. Oga ya ɗiga wani ƙaro a bakin ƙarfen dalma, hayaƙinsa ya lulluɓe fanel ɗin ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Ya jona masa wuta 'yar kaɗan. Muka zuba ido ta madubi. Can sai wani ɗigo guda ya narke ya yi duhu a cikin farin, a kan wani kafasita da bai kai ƙwayar riɗi ba. Shi ne ke zuƙe wutar yana zafi. Ya ce, "Hajiya, cire shi." Na cire, hannuna bai girgiza ba, babu mai jan hijabi. Aka mayar da batir, wayar da mai ita ya riga ya yi wa ta'aziyya ta kawo haske. Abin da yara ke gani kullum ke nan suna ce mini "aisi ne". Ba wani sihiri, ƙarfe 6 na yamma kawai ake yin sa.

Da dare kuwa ba na barci. Wayar Inna ƙarama ce mai tocila, sai ranar Juma'a wani jikanta yake zuwa da tasa a kira ni ta bidiyo a WhatsApp. Da farko tana ganina take miƙo hannu. Daga baya sai ta leƙo ta koma wasanta. A watan Disamba na je ɗauko ta, ta yi ƙiba, ta yi baki, tana kiran Inna da "Mama". Na miƙa hannu ta ɓuya a bayan zaninta. Mata suna dariya suna cewa ai haka yaye yake. Inna ta so a bar ta har ta isa shiga makaranta, maigidan ma ya karkata can. Ni na kafe. Na ce ko sana'ar za ta tsaya, da 'yata zan koma.

Akwai wata dattijuwa a ɗakin ƙarshe na gidanmu, kowa Gwaggo yake ce mata. A Agege aka haife ta, kakanta fataken goro ne suka zo da shi, Yarbanci a bakinta kamar ruwa. Da can tana kai koko da ƙosai tasha, ciwon gwiwa ya zaunar da ita, sai 'yan ƙulle-ƙullen gishiri da magi a ƙofar ɗaki. Shekara biyu muna gaisawa ban taɓa kawo ta a raina ba, saboda a kaina raino ko na dangi ne kyauta, ko na makaranta ne da rasit. Ita ta kira ni ta ce, "'Yar nan, ke da wahala kuna da alkawari ne? Ajiye mini ita." Na ce nawa zan riƙa bayarwa. Ta ɓata rai ta ce ita ba 'yar aiki ba ce. Sai da matar ɗaki na uku, mai zuwa Mile 12, ta shiga tsakani aka samo sunan da za a sa wa abin. Mu uku masu ƙananan yara muka kafa adashi, duk mako kowa ta zuba, kwasar kullum ta Gwaggo ce. A haka ta yarda, tunda adashi ba albashi ba ne. Ranar Lahadi da ba ni da shago ni ke kwashe yaran duka, in yi mata wanki, ta huta.

Gwaggo ba za ta iya daga safe har dare ba, don haka na je wa Oga da roƙo. Na ce maimakon 8 zuwa 4, a bar ni in riƙa zuwa 11 in tashi 7. Ya ce sharar safe fa, da buɗe shago? Yara za su ce ya fifita ni. Na ce ni zan riƙa rufewa, in share da yamma, in kwashe shara, in lissafa kaya. Ya yi shiru, sannan ya ce watannin da na rasa sai na rama su, ba zai sa hannu a takardar wanda bai ƙoshi ba. Na ce na yarda. Awowin kusan ɗaya ne, an dai matsar da su zuwa inda karatun yake.

Ga yadda ranar take tafiya: ni da ita har 10, Gwaggo daga 10 zuwa 2, maigidan ya tashi daga barci ya karɓa har 6 da zai fita, sannan matar ɗaki na uku ta riƙe har in shigo wajen 8 da rabi. Hannu huɗu a kan yaro ɗaya. In ɗaya ya motsa duka sun rushe. Da gwiwar Gwaggo ta tashi aka kwantar da ita, mako guda ban fita ba. Da aka mayar da maigidan gadin rana na wata ɗaya, sai da muka sake zama. A benenmu na san mata biyu da suka fara koyo suka bari, ɗaya Bayarabiya ɗaya 'yar Ibo, ɗaya ciki ne ya zo, ɗaya kuma uwarta da ke riƙe mata yara ce ta koma ƙauye. Dukansu sun fi ni saurin hannu. Kuɗin da suka biya ya tafi, kuma in aka tashi ba da labari cewa ake yi ba su da naci.

A watan Oktoba na 2024 jirgin ƙasan cikin gari na Red Line ya fara ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja. Na hau sau ɗaya don marmari, kafin in gyara zama mun iso. Na tuna yammacin da na ƙarar a go-sulo ina kallon agogo, na yi tsaki, wata da ke kusa ta ɗauka da ita nake.

A Nuwamba aka yi yayena, wata 26 maimakon 18. Na kai abin da aka rubuta mini: lemo, da shinkafa dafaffiya, da 'yan kuɗin albarka. Oga ya yi addu'a da Yarbanci da Hausa, ya miƙa mini takarda da sabon hantsaki, ya gaya wa mutane labarin sukurun nan, aka yi ta dariya, yarinyar tana tsaye riƙe da gefen hijabina ba ta san da ita ake ba. Yanzu teburina yana cikin wani ɗan shago da muke raba haya da mai sayar da hijabai, ba nisa da gida, kuma mafi yawan masu zuwa mata ne, kamar yadda na zata. Yarinyar ta shiga makaranta, in an tashi wurin Gwaggo take sauka. Ba na barin ta kusa da teburin.

Na sayi turmin atamfa na musamman don Gwaggo ta sa ranar bikin, na ce zan ɗaukar mata keke har tasha. Ta ce ina, yaran mutane biyu suna ɗakinta, iyayensu sun fita, wa za ta bar wa? Da yamma na kai mata shinkafarta a kula da lemo biyu, na zauna ina ba ta labarin yadda aka yi. Ta saurara tana ɓare wa yaro ƙwai, sannan ta laluba ƙarƙashin filo ta zaro wayarta, an ɗaure ta da kyauron roba. Ta ce, "To, injiniya, kwana uku ke nan ba ta shan caji sai na danne igiyar da dutsen guga."